Tafawa Ɓalewa: Marubucin labarin yaron da aka sace, wanda shi ma aka neme shi aka rasa

A shekarar 1933, wani matashin malami da bai daɗe da kammala Kwalejin Katsina ba ya ɗauki alƙalami ya rubuta labarin wani yaro da aka sace yana ƙarami, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har aka ƙetare Sahara da shi, mahaifiyarsa kuma ta ƙarar da sauran kwanakinta na duniya wajen nemansa. Bayan shekara 33, a daren Juma'a wayewar garin Asabar, 15 ga Janairun 1966, sojoji suka shiga gidan wannan marubuci a Legas suka fita da shi. Kwana shida ƙasar da yake shugabanta ba ta san inda yake ba, har aka tsinci gawarsa a bakin daji. Yadda ransa ya fita kuwa, yau kusan shekara 60 ke nan, babu wata kotu da ta taɓa zama ta warware.

Wannan marubuci shi ne Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firaministan Najeriya na farko, wanda kuma ba a sake yin wani ba bayansa. Littafin shi ne Shaihu Umar.

Asali da karatu

An haifi Abubakar a watan Disambar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke gundumar Lere ta Masarautar Bauchi. Sunan garin daga Fulatanci ya samo asali, ma'anarsa baƙin dutse. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, Bageri ne da ke hidima a gidan hakimin yankin, mahaifiyarsa kuwa ita ce Fatima Inna. Ba gidan sarauta ya fito ba, abin da ya bambanta shi da yawancin waɗanda ya yi karatu da siyasa tare da su daga baya.

Ya fara da makarantar allo kamar kowane yaro na zamaninsa, sannan aka sa shi makarantar boko ta garinsu, daga nan ya wuce makarantar lardi da ke Bauchi. A 1928 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda a lokacin ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa. A can ya tarar da Ahmadu Bello, wanda ya riga shi shiga da shekara biyu. Kwalejin ta shahara da tsananta wa ɗalibai wajen furta Ingilishi daidai, kuma a nan ne Abubakar ya goge harshensa har ya zama mutumin da daga baya aka yi wa laƙabi da Mai Muryar Zinare.

Ya gama a 1933, ya koma Bauchi ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil, inda ya yi ta hawa har ya zama shugabanta.

Gasar da ta haifi littafi

A shekarar da ya bar Katsina ne Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga biranen Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Aikin ba ƙarami ba ne, domin malaman ƙasar Hausa sun saba da rubuta wa'azi da fiƙihu da tarihi da waƙa, tatsuniya kuwa ana ganinta aikin mata da yara ne da dare. Daga wannan yunƙuri aka samu littattafai biyar da suka zama harsashin ƙagaggen labari na Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai Shaihu Umar na Abubakar Bauchi, kamar yadda aka san shi a lokacin.

Wasu daga cikin abokan tafiyarsa sun bi hanyar raha da aljanu da abubuwan al'ajabi. Shi kuwa sai ya zaɓi abin da mutane suka sani sarai amma ba su son a tayar da shi, wato bauta da cinikin bayi.

Labarin ya buɗe ne a Rauta, wani ɗan gari kusa da Bauchi, inda wani babban malami mai suna Umar yake karantarwa. Almajiransa sun san zurfin iliminsa da kyan halinsa, amma babu wanda ya san asalinsa. Sai wata rana aka tambaye shi daga ina ya fito, shi ne ya warware musu abin da ya daɗe a ransa.

An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, wanda sarki ke ji da shi. Wannan kusanci ya jawo masa hassada. Bayan wani hari da aka kai don kamo bayi, sauran fadawa suka ƙulla masa sharrin cewa ya ɓoye wasu daga cikin abin da aka kamo, sarki ya kore shi daga gari. Kafin matar ta bi mijinta inda ya koma, sai ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar ɗanta a hannun amana. Kafin ta dawo an sace shi.

Daga nan labarin ya rabu biyu. Yaron ya kuɓuta daga wanda ya sace shi, mutanen ƙauye suka tsince shi suka riƙe, mahara suka sake kwashe shi, aka kai shi Kano. A can wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi, ya ƙetare hamada da shi zuwa garinsu Ber Kufa, ya rene shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta bi sawu har Kano, inda aka yaudare ta da alƙawarin za a kai ta wurin ɗanta, aka ƙetare da ita ta Murzuk, aka sayar da ita. Bayan shekaru masu yawa, mafarki ya tayar wa Umar da begen mahaifiyarsa, ya kamo hanyar gida. Allah Ya haɗa su a gidan da take bauta, ta tsufa, wahala ta cinye ta. Ba su daɗe da ganin juna ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta halaka ayarin da yake ciki, shi ya tsira, ya ƙaraso ƙasar Hausa ba uwa ba uba, sai ilimin da ke ƙirjinsa.

Abin da gidaje ba su faɗa

Ƙarfin wannan littafi yana cikin cewa masu karatunsa na farko ba su ɗauke shi tatsuniya ba. Hanyar da aka bi da Umar hanya ce ta gaske, wadda fatake suka daɗe suna bi daga Kano zuwa Agadas da Gat da Murzuk har Tarabulus. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ke kaiwa har gaɓar Bahar Rum, ya kuma ga yadda ake cinikin mutane a kasuwar birnin. Garin Kura, wanda yau aka fi saninsa tare da Bunkure da noman rani na shinkafa da tumatir da alkama a ƙarƙashin ruwan Dam ɗin Tiga, a wancan zamani cibiya ce ta rini da bugu. Turkuɗin Kura shi ne rawanin alfarma na Buzaye, kuma raƙuman da ke ɗaukar irin wannan kaya su nufi arewa, sau da yawa a ayari ɗaya suke tafiya da mutanen da aka raba da iyayensu.

Turawa sun ci Kano a 1903, suka rufe kasuwar bayi. Dokarsu ta ce duk wanda aka haifa bayan 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Ke nan lokacin da Shaihu Umar ya fito a 1934, akwai dubban tsofaffi a raye da aka kamo suna yara, waɗanda ba su sake jin labarin garinsu ba. Akwai gidajen da aka rasa ɗa ko 'ya a gona ko a hanyar rafi, ba gawa ba labari, aka yi ta jira har aka gaji. Akwai kuma gidajen da kaka ta san yadda aka kawo ta, ta haɗiye maganar don kada a goranta wa jikokinta. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ɗauko wannan shiru ya sa shi a takarda.

Bai yi haka da hayaniya ba. Bai zana Abdulkarim a matsayin azzalumi ba, alhali da hannunsa aka raba yaron da ƙasarsa. Umar kansa yana ba da labarin cikin natsuwa da sallamawa ga ƙaddara, ba ya zagin kowa. Wasu manazarta sun ga wannan a matsayin sassauci ga tsarin da ya kamata a la'anta. Wasu kuma sun ce hoton uwar kaɗai, mace 'yantacciya da ta faɗa bauta saboda son ɗanta, ya fi kowace huɗuba tona asirin wancan tsari. Ko ma wanne ne, halin da marubucin ya ba Umar, na haƙuri da kamun kai da gudun fitina, shi ne halin da mutane suka gani a tare da shi kansa a tsawon rayuwarsa ta siyasa, wasu suka yaba, wasu suka ce shi ya kai shi ya baro.

Daga aji zuwa majalisa

Bauchi ta shekarun 1940 gari ne mai tafasa da muhawara. Malam Sa'adu Zungur yana nan, Malam Aminu Kano yana koyarwa a makarantar da Abubakar ke shugabanta. Tare suka riƙa zama a dandalin tattaunawa na Bauchi, inda ake tayar da batutuwan haraji da aikin tilas da ikon sarakuna a gaban jami'an Turawa da na En'e. Zungur da Aminu sun fi zafi, Abubakar ya fi taka-tsantsan, kuma wannan bambanci ne ya raba hanyarsu daga baya, Aminu ya jagoranci NEPU, shi kuma ya zama jigo a NPC.

A 1945 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan ya yi shekara guda. Da ya dawo aka ba shi aikin duba makarantu, aka kuma zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa a 1946, sannan Majalisar Dokoki ta ƙasa a 1947. A wannan lokaci bai ɓoye shakkunsa game da haɗin kan Najeriya ba. Yana ganin haɗewar 1914 ba ta wuce takarda ba, yana kuma tsoron kada a ba da mulkin kai alhali Arewa ba ta da ma'aikatan da za su riƙe ofisoshinta.

Sai dai bai bar gida ba tare da gyara ba. A watan Agustan 1950 ya gabatar da ƙudurin da ya girgiza Kaduna, inda ya nemi a kafa kwamiti ya sake duba tsarin En'e baki ɗaya. Ya soki yadda aka tara iko a hannun sarki shi kaɗai, da cin hanci, da yadda talaka ba shi da bakin magana a kan abin da ya shafe shi. Daga bakin ɗan talaka, a majalisar da 'ya'yan sarauta da ma'aikatan En'e suka cika, wannan magana tana da nauyi. Ƙudurin ya wuce da ƙyar, kuma shi ya buɗe ƙofar gyare-gyaren da suka sa aka ɗaure sarakuna da shawarar majalisunsu.

A 1952 ya zama Ministan Ayyuka a Legas, daga baya Ministan Sufuri. A zamaninsa aka kafa Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa da Hukumar Jiragen Ƙasa. A 1955 ya je Amurka don ganin yadda ake sufuri a Kogin Misisipi, da nufin amfani da darasin a kogunan Neja da Binuwai. Tafiyar ta sauya masa tunani. Ganin yadda mutane masu asali daban-daban suka zama ƙasa ɗaya ya sa ya dawo da yaƙinin cewa Najeriya ma za ta iya.

Firaminista

A 1957 aka ƙirƙiro muƙamin Firaminista. Shugaban NPC, Sardaunan Sakkwato, ya zaɓi ya zauna a Kaduna a matsayin Firimiyan Arewa, don haka mataimakinsa a jam'iyya ya hau kujerar Legas. Abubakar ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa wadda ta ƙunshi manyan jam'iyyu uku. Bayan zaɓen 1959, NPC ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, Cif Obafemi Awolowo ya zama jagoran adawa. A ranar 1 ga Oktoban 1960, a filin sukuwa na Legas da yau ke ɗauke da sunansa, ya karɓi takardun 'yancin kai daga hannun Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniyar Ingila. Bayan kwana shida Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya.

A waje ya yi suna. Ya tura sojoji da 'yan sanda aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. A Janairun 1961 gwamnatinsa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a Saharar Aljeriya. A shekarar ce kuma ya kasance cikin shugabannin da suka matsa har Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata ta fice daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila. A watan Yulin 1961 Shugaba John Kennedy ya karɓe shi a Washington. Ya kuma taka rawa wajen sasanta ɓangarorin da suka haɗu suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a Mayun 1963.

A cikin gida, a zamaninsa Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959, aka shimfiɗa layin dogo ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, aka fara ginin Dam ɗin Kainji, aka buɗe matatar mai ta farko a Fatakwal da gadar Kogin Neja a Onica a 1965. Jami'o'in Nsukka da Zariya da Ife da Legas duk a waɗannan shekaru suka buɗe.

Amma kujerar tana da ƙaya. Shi ne shugaban gwamnatin tarayya, alhali a jam'iyyarsa akwai wanda ke sama da shi, kuma 'yan adawa ba su daina cewa daga Kaduna ake juya Legas ba. A 1962 rikicin jam'iyyar AG ya sa ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma. A 1963 aka ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa. Ƙidayar jama'a ta 1962 ta rushe saboda gardama, wadda aka sake a 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya, ita ma Jihar Gabas ta ƙi amincewa da ita. A Yunin 1964 ma'aikata suka tafi yajin aikin gama-gari kan albashi. Zaɓen Disambar 1964 ya zo da ƙaurace wa akwati a wurare da dama, har Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki bai kira shi ya kafa gwamnati ba. A Mayun 1965 ya yi rashin Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu, ɗaya daga cikin ginshiƙan da yake jingina da su. Zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965, wanda aka yi zargin maguɗi a cikinsa, ya jefa yankin cikin ƙone-ƙone da kashe-kashe. A wannan karo Firaminista bai sa dokar ta-ɓaci ba, kuma masu sukarsa har yau suna riƙe da wannan a matsayin babban kuskurensa.

Kwana shida

A ranakun 11 da 12 ga Janairun 1966, Legas ta karɓi taron shugabannin Ƙasashe Renon Ingila kan rikicin Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin wannan taro a wajen Landan. Abubakar ne ya shugabance shi, Firaministan Birtaniya Harold Wilson yana cikin mahalarta. Watan azumi ne.

Kwana uku bayan tashi daga taron, wasu manjoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnati. A Kaduna, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya jagoranci harin da aka kashe Sardauna. A Ibadan aka kashe Firimiya Samuel Akintola. Aka kashe manyan hafsoshi da suka haɗa da Birgediya Zakariya Maimalari da Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Kur Muhammad da Laftanar-Kanar Abogo Largema da Laftanar-Kanar James Pam da Laftanar-Kanar Arthur Unegbe. A Legas kuwa, sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka ɗauke Firaminista daga gidansa, suka kuma ɗauke Ministan Kuɗi, Cif Festus Okotie-Eboh.

Mutuwar Sardauna da Akintola ta tabbata tun ranar. Ta Firaminista kuwa ba ta tabbata ba. Sanarwar da aka karanta a rediyo ta ce wasu sojoji masu bore sun sace shi tare da Ministan Kuɗi zuwa wurin da ba a sani ba. Azikiwe yana ƙasar waje, Shugaban Majalisar Dattawa Nwafor Orizu ne ke riƙon ƙwarya. Ministocin da suka rage, ciki har da Zanna Bukar Dipcharima, suka kasa samun wanda za a rantsar a madadinsa, kuma a daren 16 ga wata mulki ya koma hannun Manjo-Janar Johnson Aguiyi-Ironsi. Gwamnati ta faɗi alhali ba a san ko shugabanta yana raye ba.

Kwanaki suka yi ta wucewa, jita-jita ta cika gari. Wasu na cewa an tsare shi a wani wuri za a yi ciniki da shi, wasu na cewa an fitar da shi daga Legas. A Bauchi, mahaifiyarsa da iyalinsa suna jira. A ranar 21 ga Janairu aka gano gawarsa a cikin daji kusa da hanyar Legas zuwa Abeokuta, tare da ta Okotie-Eboh a kusa. Cikin waɗanda suka isa wurin akwai wani matashin ɗan jarida na kamfanin Daily Times, Segun Osoba, wanda daga baya ya zama Gwamnan Jihar Ogun. Aka ɗauki gawar a jirgin sama zuwa Bauchi, aka yi mata sutura a daidai lokacin da Musulmi ke shirin ƙaramar Sallah. Yana da shekara 53.

Tambayar da ta rage

Bayanin da ya fi yaɗuwa, wanda yawancin littattafan tarihi suka ɗauka, shi ne cewa waɗanda suka ɗauke shi sun harbe shi a hanya bayan sun ga juyin mulkin ya wargaje a Legas. Amma a 2010 tsohon minista a gwamnatinsa, Cif Matthew Mbu, ya fito ya ce ciwon asma ne ya kashe shi a hannun sojojin, maganar da ta tayar da muhawara mai zafi a jaridu, inda da dama suka yi watsi da ita. Abin da ya ba irin wannan saɓani wurin zama shi ne ba a fitar wa jama'a da rahoton likita a kan gawar ba, kuma ba a taɓa gurfanar da waɗanda suka yi juyin mulkin a gaban kotu ba. Gwamnatin Ironsi ta tsare su ba tare da shari'a ba.

Mutumin da ya fi kowa sanin abin da ya faru a wannan hanya shi ne Ifeajuna, wanda kafin ya shiga soja ya yi suna a matsayin ɗan wasan da ya ciwo wa Najeriya lambar zinare a tsallen sama a Vancouver a 1954. Ya gudu Ghana, aka dawo da shi aka tsare. A watan Satumbar 1967 hukumomin Biyafara suka harbe shi tare da Victor Banjo da wasu biyu bisa zargin cin amana. Nzeogwu ya riga shi mutuwa a fagen yaƙi a watan Yulin shekarar. Haka shaidu suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Rashin wannan shari'a bai tsaya a kan iyalin mamaci kaɗai ba. Ganin an bar waɗanda suka kashe shugabanni da hafsoshin Arewa ba hukunci yana cikin abubuwan da suka hura wutar tarzomar Mayun 1966, da juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli, da kashe-kashen da suka biyo baya, har ƙasa ta faɗa yaƙin basasa na wata 30. Ko da harsashi ne ko da ciwo, babu saɓani a kan cewa an fitar da shi daga gidansa da bakin bindiga yana da ransa, kuma a hannun waɗanda suka fitar da shi ya cika.

Abin da ya bari

Bai bar dukiyar a zo a gani ba. Mutumin da ya riƙe gwamnatin tarayya fiye da shekara takwas an san shi da komawa gonarsa a Bauchi idan ya samu hutu, kuma wannan tsabtar hannu ita ce abin da hatta masu sukar siyasarsa suke sallama masa. Hotonsa yana kan takardar Naira biyar, jami'ar tarayya da ke Bauchi tana ɗauke da sunansa, kabarinsa kuma ya zama wurin tarihi na ƙasa da ake kai ɗalibai ziyara.

Littafinsa ma bai mutu ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, shekara guda bayan rasuwar marubucin. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, ɗaya daga cikin finafinan Hausa na farko-farko. Har yau ana karanta shi a makarantu da jami'o'i, kuma a wannan zamani da satar mutane ta dawo hanyoyi da ƙauyukan Arewa, iyaye da yawa sun san zafin da mahaifiyar Umar ta ji ba tare da an fassara musu ba.

A cikin littafin, almajirai sun tambaya, malaminsu ya zauna ya ba su labarin ɓatansa daga farko har ƙarshe. Labarin sa'o'in ƙarshe na wanda ya rubuta shi kuwa, waɗanda suka sani sun tafi da shi kabari. Allah Ya jiƙan Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ya gafarta masa.